Ido Biyu, Zuciya Ɗaya

A Zuba mota ta zubar da mu, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya da buhuna a ka ina raba ido, ina neman Yaya Lawali, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi mini alkawari a waya shi zai tarbe ni. Ban gan shi ba. Wani mai tasi ne ya zo yana kiran “Yusuf ɗan Nijar! Yusuf ɗan Nijar!” Sai da ya gaji da kira kafin in gane da ni yake, domin mu a ƙasar Tasawa Isuhu muke cewa. Ya ce oga ne ya aiko shi. Na ce wane oga? Ya ce Lawali mai walda mana. Na tuntsire da dariya a cikin ruwan nan, na ce wato Lawalin da muka ci tuwo a akushi ɗaya shi ne ya zama oga har ba ya iya zuwa tasha. Mai tasi bai taya ni dariyar ba.

Mu maƙera ne tun kakanni. Lawali ya bar maƙerar Baba da daɗewa, ya zo Abuja ya koyi walda, yana yi wa masu gidaje ƙyamare da tagogin ƙarfe. Ni kuwa aka sa ni lakwal, wato boko, na fito da Faransanci da baki. Bakin nan shi ya sa tun ina ƙarami Lawali yake ce mini Rediyo, wai in aka kunna ni sai batir ya mutu. Da ya kira ya ce in zo aiki ya yi masa yawa, ban yi dogon tunani ba. Faransancin nawa dai a Abuja bai saya mini ko ruwan leda ba.

A Lugbe, can bayan manyan gidaje inda kwalta ta ƙare, na same shi zaune kan benci a rumfar kwano. Fuskar ce kawai tasa. Ƙafafun sun kumbura suntum, har sai da ya tsaga silifas ɗinsa da wuƙa kafin su shiga. Ya miƙe zai rungume ni, kafin ya kawo wurina yana haki kamar wanda ya yi tsere da doki.

Na ce, “Yaya, wannan ne aikin da ya yi yawa?”

Ya ce, “Rediyo, ka fara ke nan? Ajiye kayanka.”

A zaune yake barci, ya jingina da buhun tsummoki, domin in ya kwanta sai ya ji kamar an danna shi cikin rijiya. Mutumin da na sani yana ɗaga uwar maƙera shi kaɗai, yanzu in ya sunkuya ɗaukar buta sai ya huta. Ya hana ni gaya wa Inna da matarsa Rabi. Duk ranar da suka kira sai ya gyara murya, ya ce lafiya lau, kasuwa ce ta riƙe shi. Ni kuma in fita bayan rumfa in ciji yatsa.

Walda ba ta karɓe ni ba. Ƙofa ɗaya na haɗa ta fito a karkace, mai ita ya zage mu tas da Turanci, ban gane ko kalma ba sai “aboki”. Sai na koma Kado, kasuwar kifi, ina ɗaukar ƙanƙara ina kankare ɓawon kifi a wurin wata Bayarabiya da ake kira Mama Tope. Ƙarni ya shige mini fata, in na shiga bas mutane su matsa. Ni da na tashi a ƙasar da ruwa sai an roƙa, ga ni kullum a jiƙe, tafin ƙafata ya yi fari ya tsattsage. In na tuna furar gidanmu da yashin ƙofar gida mai ɗumi da yamma, wallahi sai in ji kamar in kama hanyar gida.

Mama Tope masifaffiya ce ta gaske, amma ita ta fara tambayata abin da ke damuna. Da na kwatanta mata ƙafafun Lawali sai ta ajiye wuƙa. Ta ce, “Miji nawa haka ta yi kafin ta mutu. Kai shi asibiti, ba kemis ba. Kuma kar ka sa gishiri a miya nashi, ka ji ko?” Daga ranar kullum sai ta ƙulle mini kan kifi a leda, ta cusa mini tana zagina wai ina da nawa.

Asibitin yana cikin gari, inda tituna suke da faɗi, babu mai tafiya a ƙasa sai irinmu. Likitar zuciya Bahaushiya ce, Dakta Hauwa, siririya mai gilashi, ba ta da yawan fara'a amma tana sauraro. Ta shafa wa Lawali wani mai mai sanyi a ƙirji, ta goga wani abu, muka ga zuciyarsa a talabijin tana motsi a kasalance. Ta ce ta buɗe, ta yi girma, ba ta matsa jini yadda ya kamata.

Lawali ya ce, “To, likita, a ba ni maganinta.”

Ta ce, “Zan ba ka na rage ruwa da na tallafa mata. Amma wannan hoton girmanta kawai ya nuna mini, bai gaya mini abin da ya samu naman ba. Mene ne sana'arku a gida?”

Na riga shi, na ce ƙira.

Ta ce, “To, in aka kawo muku ƙarfe, yaya kuke gane mai kyau da mai tsaga a ciki?”

Lawali ya ce, “Ƙwanƙwasawa muke yi mu saurara. Mai lafiya amonsa daban.”

Ta ce akwai inji, MRI ake ce masa, shi ma haka yake yi wa tsokar zuciya. Yana taɓa naman da wani ƙarfi da ba a gani, sannan ya auna yadda yake komawa daidai, wuri-wuri, lungu-lungu. Naman da ya kumbura ya sha ruwa yana da nasa lokacin. Wanda ƙarfen jini ya taru a cikinsa yana da nasa. Wanda ya mutu ya zama tabo, in an yi allura, sai ya riƙe ruwan allurar ya yi fari. Ta ce, “In kumburi ne sabo, akwai abin da za mu gwada, zuciya takan farfaɗo. In ƙarfe ne, akwai maganin da ke wanke shi. In tabo ne, sai dai lallaɓawa. Magungunan kuma ba a ba da su da ka, wani in an ba wanda bai dace ba illa zai yi masa. Ina so in gani tun da sauran lokaci.”

Tun da sauran lokaci. Wannan maganar ce ta bi mu har waje.

Layin injin dogo ne, kuɗinsa kuma ba na mai rumfar kwano ba ne. Muna zaune a baranda mun yi jugum sai ga wani dattijo cikin farar shadda, da carbi, ya yi mana sallama irin ta gida, har da tambayar damina. Ya ce shi ma mutumin wajen Maradi ne, Alhaji Sabo. Kai, daɗin da na ji! Ya ce me zai sa mu jira, ga irin injin nan sak a Nyanya, sabo fil daga Turai, yau-yau a gama. Muka bi shi kamar tumaki. Wani ɗaki ne a saman shagon taya. Aka miƙa wa Lawali wani guntun ƙarfe ya riƙe a tafin hannu, waya ta tafi cikin kwamfuta, wani mai farar riga yana gyaɗa kai. Kafin a sha ruwa an fito da takardu masu launi, wai an duba shi daga ƙwaƙwalwa har farce, aka haɗa mu da kwalaben wani shayi. Ƙaramin injin waldar Lawali a biyan kuɗin nan ya tafi.

Da muka kai wa Dakta Hauwa takardun sai ta cire gilashi ta dafe goshi. Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi. Alhaji Sabo kuwa ko ƙeyarsa ba mu sake gani ba. Abin da ya fi ci mini rai, a garin nan da kowa ke yi mana Turanci, wanda ya cuce mu da Hausar gidanmu ya cuce mu. Allah ya isa, har gobe ban janye ba.

Muka sayar da janareta, masu walda na unguwarmu suka yi karo-karo, Mama Tope ta ƙara abin da ta ƙara tana cewa bashi ne, ta kuma san ba bashi ba ne. Aka ba mu rana.

Ranar muna kan bencin jira, wani mutum da ya kawo mahaifiyarsa ya kalli hannun Lawali ya ce, “Malam, ba dai walda kake yi ba? Ai ba sa sa masu walda a injin nan kai tsaye. Wani ƙanena sai da suka mayar da shi, wai sai an duba idonsa.” Da mutumin ya tashi sai Lawali ya matso, ya kama gwiwata ya matse.

Ya ce, “Yau ina son rediyon nan a kashe. Ka ji ni?”

Na ji shi sarai, na kuma san dalili. Ina yaro ina zuga a maƙerar Baba, Lawali yana saurayi yana dukan wani tsohon gatari da masaba, sai wani ɗan ɓalli ya tashi ya shige masa idon hagu. Jini ya cika idon. Baba bai ko tashi daga kan buzunsa ba. Ya sa aka ɓalle mayen ƙarfe daga sifikar tsohuwar rediyo, ya yi tofi, ya riƙa wucewa da shi a bakin idon, har ya nuna mana wani baƙin ɗigo a jikinsa ya ce ga shi ya fito. Ya ce a gidanmu ƙarfe ba ya cin mutum, bawanmu ne. Haka aka raine mu, haka muka yarda. Mu ne muke wasa da jan ƙarfe ranar salla mutane suna kallo. Amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da Lawali na san idon nan bai daina ruwa ba, kuma in rana ta yi sanyi yakan karkata kai ya kalli abu da na dama.

Mai kula da injin wani Bagwari ne mai suna Danladi, mutumin Paikon Kore, kakkaura mai sanyin magana. A wani ƙaramin ɗaki ya tsayar da mu, ya sa Lawali ya tuɓe ya sa rigar asibiti. Ya karɓi zobe, ya karɓi laya, ya sa ya kwance gurun da ke ƙugunsa. Ya ce abin da ke bayan ƙofar can mayen ƙarfe ne wanda ya fi mota nauyi, ba ya barci ko an ɗauke wuta, in ka shiga da makulli zai fizge shi daga aljihunka.

Ya ce, “Baba, wane aiki kana yi?”

Lawali ya ce, “Tsire nake gasawa.”

Danladi ya kalli tabon ƙuna a hannayensa, ya gyaɗa kai. “Harsashi ya taɓa shiga jiki naka? An taɓa sa maka ƙarfe a ƙashi? Ƙarfe ya taɓa shiga ido naka, ko ƙarami?”

“Ko kusa.”

Na tambayi Danladi, kamar mai son sani kawai, in akwai fa, me zai faru? Ya ce injin zai ja shi, ya juya shi a cikin ido kamar wuƙa. Mutum ya shiga yana gani, ya fito idon ya cika da jini, shi ke nan.

Lawali ya taka mini ƙafa da kumburarriyar ƙafarsa. Na kalli ƙofar. Ga ta nan, taku kaɗan, abin da muka sayar da komai dominsa. Wallahi na yi niyyar yin shiru, na haɗa leɓɓana na danne. Sai na ga hawayen nan na kullum ya taru a gefen idonsa na hagu, ya sa bayan hannu ya share kamar yadda yake yi tun ina yaro.

Na ce, “Oga, mai walda ne. Maƙeri ne ɗan maƙeri. Kuma ƙarfe ya taɓa shiga idonsa na hagu, ina wurin.”

Lawali ya juya ga Danladi, ko kallona bai yi ba. Ya ce, “An cire tun tuni. Ubana ya cire da hannunsa.”

Danladi ya ce sai an ɗauki hoton ƙashin fuska an tabbatar.

Lawali ya ce, “To, a ce yana nan. Na yarda, ya ci idon. Ido biyu gare ni, zuciya ɗaya. Ina da 'ya'ya ƙanana a gida, da ido ɗaya zan iya ciyar da su. Kawo in sa hannu.”

Danladi ya ce, “Baba, ko ka sa hannu goma ba zan sa ka ba. Ka yi haƙuri.”

Aka ɗauki hoton. Ga shi nan fari tas, bai kai ƙwayar gero ba, a maƙale a bangon ido. Shekara da shekaru yana zaune abinsa. Aka ba wani ranarmu.

A bas ɗin komawa Lugbe bai yi mini magana ba. Da muka sauka ya tsaya yana haki a bakin titi, ya ce, “Isuhu.” Ba Rediyo ba. “In na mutu a garin nan, ka san wanda ya kashe ni.” Daga nan ya rufe bakinsa a kaina. In na kawo abinci ya ci, in na zuba masa ruwan alwala ya karɓa, amma in yana son abu sai ya gaya wa maƙwabci ya gaya mini, ga ni a tsaye.

Daga nan muka shiga yawon ido. Likitan ido ya ce zai iya cirewa, amma ba zai taɓa mai irin wannan zuciya ba sai likitar zuciya ta yarda. Dakta Hauwa ta ce sai an janye ruwan jikinsa ya iya kwanciya. Aka kwantar da shi, ruwa ya janye, kafin layin likitan ido ya zo kanmu ruwan ya dawo. Da aka sake shiryawa sai aka ce wani abin aiki ya lalace, ana jiran a kawo. Muka je, muka dawo, muka je, muka dawo. Masarar da na gani ana shukawa a gefen hanyar filin jirgi ta yi kai, ta yi goyo, aka gasa ta aka cinye, muna nan. Kullum in na dawo daga Kado sai in tsaya a bakin rumfa in saurari numfashinsa kafin in shiga. Kullum yana ƙara gajarta. Na rame har Mama Tope ta daina zagina, abin da ya fi zagin ciwo.

Wata rana na gaya mata duk abin da ya faru, na ce, “Mama, na yi daidai?” Ta daɗe tana kankare kifi. Ta ce, “Ni ban sani ba, yaro na. Ɗauki ƙanƙara.”

Sai wajen ƙarshen damina aka cire shi, ba tare da an sa shi barci ba, allura kawai aka yi wa idon. Likitan ya nuna mana a cikin 'yar kwalba, baƙi, ya yi tsatsa. Lawali ya kalle shi da ido ɗaya, ya kawar da kai. Da idon ya warke aka sake hoto, aka ce babu saura, aka sake ba mu rana wajen Danladi.

A keken marasa lafiya na tura shi wannan karon. Danladi ya caje ni ni ma, ya bar ni na taya shi kwantar da shi. Aka tada masa kai da matashi, aka sa masa robar iska a hanci, aka manna wayoyi a ƙirji, aka ɗora wani faifai a kai aka ɗaure. Aka toshe masa kunne da abin jin magana, aka ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya matsa in ya ji ba zai iya ba. Gadon ya zarce da shi cikin ramin injin, fari, matsattse, sai tafin ƙafafunsa nake gani. Muka koma bayan gilashi.

Aikin duk na numfashi ne. Zuciya ba ta tsayawa, ƙirji ma yana hawa yana sauka, don haka sai mutum ya riƙe numfashi kafin injin ya samu awonsa. Danladi ya yi magana a makirfo, injin ya fara bugu, kafin a je ko'ina ƙararrawa ta tashi. Lawali ya matsa ƙwallon. Aka fito da shi yana zufa, yana cewa kabari ne, wallahi kabari ne, a fitar da shi. Aka lallashe shi aka mayar. Ya sake matsawa. Danladi ya share fuska ya ce hotunan duk sun girgiza, kuma akwai masu jira. Sai ya ture mini makirfon.

Ya ce, “Yi masa magana. Murya na gida daban ne.”

Lawali ne fa, mutumin da ya yi wata da watanni bai amsa mini ba. Na sunkuya, bakina ya bushe, ni Rediyo. Injin yana ta ƙwanƙwasa a hankali, sai na ji abin da ya yi kama da shi.

Na ce, “Yaya, ni ne. Ka ji bugun nan? Masaba ce. Rufe ido, a maƙerar Baba kake. Yau kai ne a kan zuga-zugi, ni ne a bakin wuta. In na ce zuga, ka ja iska. In na ce saki, ka saki. In na ce tsaya, ka tsaya cak sai na ce.”

Sai na ga babban yatsan ƙafarsa ya motsa.

“Zuga. Saki. Tsaya.”

Injin ya yi ta dukansa. Danladi ya rage tsawon kowane riƙo yadda Lawali zai iya, yana ɗaga mini yatsa in lokaci ya yi, ni kuma in ce, “Zuga, Yaya, zuga abinka.” Haka ya riƙa ce mini ina yaro in hannuna ya gaji, da zagi a kai. Ni ban zage shi ba. Aka tura ruwan allura ta jijiyar hannunsa, aka jira, aka ci gaba. Ban san sau nawa na ce tsaya ba. Na dai san duk sanda na faɗa ni ma tsayawa nake, har sai da na ga duhu-duhu. Bai sake matsa ƙwallon ba.

Dakta Hauwa ta kira mu bayan kwana biyu, ta juyo mana da kwamfutarta. Zuciyar Lawali ce an yanka ta a hoto zobe-zobe kamar albasa, wasu da launi, wasu baƙi da fari. Ta nuna na farko ta ce wannan awon ƙarfe ne, babu ƙarfe.

Lawali ya yi 'yar dariya, ta farko da na ji a watanni. Ya ce, “Zuciyar maƙeri guda babu ƙarfe. Kar Baba ya ji a kabari.”

Ta nuna na biyu ta ce wannan awon ruwa ne, na kumburi, shi ma babu. Na ji sanyi a raina, ban san ba abin murna ba ne. Sai ta buɗe na uku. Ta ce lafiyayyen nama baƙi yake fitowa a nan. Muka duba. Baƙin kaɗan ne. Wani farin zare ya bi tsakiyar zoben ya kusa zagaye shi, a wani wurin ya yi kauri.

Lawali ya matso da fuskarsa, ya daɗe yana kallo da idanunsa biyu. Ya ce, “Tabon ke nan.”

Ta ce, “Shi ne, Malam Lawali.”

Ya ce, “Ba ya narkewa.”

Ta ce a'a. Ta yi maganar magungunan da za su sauƙaƙa masa, ta yi maganar wata na'ura da ake dasawa a ƙirji, da dashen zuciya a wasu ƙasashe, a hankali, kamar mai jin kunyar faɗa. Lawali ya ce ta rubuta maganin kawai, gida zai tafi.

Na bar shi a keke na bi ta baranda. Na ce, “Likita, don girman Allah ki gaya mini. Da an yi hoton nan ranar farko, da ruwa za a gani?”

Ta tsaya. Ta ce mai yiwuwa tabon ya girme zuwana Abuja nesa ba kusa ba, irinsa yakan yi shekaru yana tafiya a ɓoye. Mai yiwuwa kuma a lokacin akwai sauran kumburin da za a iya kamawa. Ta ce, “Injin abin da ke nan yau yake aunawa. Ba ya auna abin da ya wuce. In na ce maka na sani, na yi maka ƙarya.”

Na ce, “To ki yi mini ƙaryar mana.”

Ta ce, “Kai ma ba ka yi wa Danladi ba.” Ta shige ofis.

Muka sayar da rumfar. Mama Tope ta ba mu busasshen kifi wanda ba gishiri, ta juya baya tana yi wa wani ciniki da faɗa don kar in ga fuskarta. A motar komawa gida na saya wa Lawali kujerar gaba shi kaɗai. Kaduna, Zariya, Katsina, bai ce uffan ba, sai tari. Da muka tsallaka iyaka ta Jibiya ƙasa ta buɗe, sama ta yi faɗi, ga gero an yanke an tara dami-dami a gonaki. Ina zaune a bayansa, sai na ga ya ɗaga hannu ya rufe idonsa na dama. Ya daɗe a haka, yana kallon gonakin da na hagu.

Ya ce, “Yana gani fa, Rediyo. Har tsuntsayen can nake gani.”

Na riƙe kujerarsa da hannu biyu. Na ce, “Yaya, ka yafe mini ke nan?”

Ya ce, “Ban ce ba. Cewa na yi yana gani.”

Ya ga Inna, ya ga Rabi, ya ga 'ya'yansa. Ya ga an zuba gero a rumbu. Sanyi bai gama shiga ba ya cika, da hantsi, a zaune, ya jingina da ni a zauren maƙera. Inna ta ce in rufe masa ido. Na dama ya riga ya rufe da kansa. Na hagun ne a buɗe, yana kallon ƙofa, sai da na sa yatsa na ja fatar a hankali. Garau yake, ko ja babu. Lafiyayyen ido muka binne.